Ni da Littafin Bikon Ruwan Sama

Da bazara ne na karye a ƙafa, ana gab da faɗuwar damina. Ina aji biyar a firamare, kuma aikina in an tashi daga makaranta shi ne kai taki gona. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, inda gona take manne da gona, ba ka ganin daji sai gawo da ɗorawa a tsattsaye cikin kunyoyi. Ran nan na juye mangala na haye jakinmu zan koma gida, sai wani kare ya ɓullo daga cikin darni. Jakin ya zabura, ya yar da ni a kan wani kututture. Cinyata ta dama ta karye.

Aka ɗauko maɗori daga ƙauyen da ke gabanmu. Maza suka danne ni, ya ja ƙafar har na suma, ya jera karare ya ɗaure. Da zai tafi ya ce wa Baba, "Malam, yaron nan kada ya taka ƙasa sai an ci tumu." Wato sai gero ya nuna. A lokacin ko shuka ba a yi ba.

Aka shimfiɗa mini tabarma a wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure, inda Baba yake ajiye iri da garemani. Makon farko ɗakin bai rabu da mutane ba. Abokaina sukan zo su leƙa ƙafar, su ba ni labarin wanda aka zane a makaranta. Da ruwa ya sauka sai kowa ya kama gabansa. Tun da sassafe nakan ji fitar maza zuwa gona, sannan gari ya yi tsit, sai kukan kurciya da sautin daka daga cikin gida. Tagar ɗakin ba ta fi faifai ba, kuma tana can sama, abin da nake gani ta cikinta reshen tsamiya ne kawai. Na kalli wani zanzaro ya gina ɗakinsa a jikin azara tun daga tushe har ya rufe. Da ya gama ya tafi na yi kuka, ban kuma iya gaya wa Inna dalili ba.

Malamin ajinmu ne ya kawo littafin. Saurayi ne baƙo, daga wajen Gezawa, mai wani keke marar birki da yake tsayarwa da ƙafa. Ya zo duba ni ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a kan buhun iri ya tambayi jiki. Da zai tashi ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye a gefena.

"Ga wannan, ka riƙa dubawa. Kada karatunka ya gudu."

"Na lissafi ne, Malam?"

Ya yi dariya. "Na shirme ne. Amma ka karanta."

Littafin ba shi da bango. Wani ya yanko kwalin sukari ya ɗinke masa da zare, shafin farko ma ya fita, saboda haka ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, har yau ɗin nan. Da Hausa yake, da zane-zane nan da can.

Labarin wani gari ne da mutanensa suka daina gaida ruwan sama. In ya zo sai su yi ta guje-guje suna kwashe shanya suna tsaki, babu mai ce masa sannu da zuwa. Ruwa ya ji haushi, ya tattara kayansa, tsawa da walƙiya da bakan gizo, ya ƙunshe a zane ya yi yaji. Ya tafi gidan uwarsa can bayan duwatsu, inda tsofaffi suke zaune suna kaɗin gajimare kamar auduga. Da aka ce a je a dawo da shi, manyan gari kowa ya kawo uzuri, a ƙarshe aka tura wata yarinya biko, don ita ce ba ta gajiya da gaisuwa, har tururuwa takan tsaya ta tambaye su gajiya. Abokan tafiyarta biyu ne. Akwai wata buta mai tsoron ruwa, wadda ko kogi aka ambata sai ta ce, "Ni dai a bar ni a bushe." Akwai kuma wani tsohon jaki da ba ya ɗaga ƙafa sai an nemi shawararsa. Ko gobara ce a bayansa zai toge ya ce, "An tambaye ni?"

A hanya suka bi ta wata kasuwa da ake sayar da ragowar barci a mudu, suka tarar da kwaɗi sun rasa aikin yi sun koma dako, suka sauka a garin da huluna suke yin shari'a, masu hulunan suna zaune a ƙarƙashinsu suna jiran hukunci. Da ƙyar na fara karantawa, ina bin kalma da yatsa. Da na kai wurin da wani ƙaton kwaɗo ya ɗauki buhun gishiri yana kuka yana cewa shi fa asalinsa mawaƙi ne, na yi dariya har ɗorin ya motsa. Na yi ihu, Inna ta shigo da gudu hannunta duk gari, ta same ni hawaye na zuba ina dariya.

Yayata ce ta fara tambaya. Ta girme ni sosai, ni ne auta a ɗakinmu. Ba ta yi makarantar boko ba, ta riga ta girma kafin a buɗe ta ƙauyenmu. Ita take kawo mini tuwo ta kwashe kwano, ita take juya ni in bayana ya gaji. Wata rana ta tsaya da kwano a hannu ta ce, "Auta, wai me ke cikin takardar nan kake ta washe baki kai kaɗai?"

Na karanta mata wurin jakin. Ta saurara ta ce, "Wannan ai Kawu ne." Ƙanen Inna take nufi, wanda ko akuya aka sayar a gidanmu ba a gaya masa ba sai ya ɗauke ƙafa ya daina zuwa.

Daga ranar ta dawo da aikinta bakin ƙofata. In tsintar wake ce ko ɓarar gyaɗa, sai ta ɗauko faifanta ta zauna a dokin ƙofa ta ce, "To, ina aka tsaya?" Ina karantawa tana aiki tana sa baki. Takan yi wa butar faɗa: "Ke kuwa in ba don ruwa ba, don me aka yi ki?" In hadari ya taso ta tashi kwashe shanya, sai ta leƙo ta ce, "Bari in je in gaishe shi, kada ya yi yaji." A ƙarshen labarin ruwan ya yarda ya dawo, butar kuma ta ce ita ba za ta koma ba. Ta gano babu inda ya kai gidan ruwa bushewa, tunda kullum shi yana waje, sai ta yi zamanta a kan wani dakali. Da muka kai nan Yaya ta ce, "Sake daga farko." Muka sake. Ban san sau nawa muka zagaya shi a daminar nan ba.

Baba ya taɓa tsayawa a zaure ya ji mu. Manomi ne, shi ke jan salla a masallacin unguwa, ba kuma mai yawan magana ba ne. Ya karɓi littafin ya dubi zanen jakin, ya miƙo mini.

"Ka dai san ruwa na Allah ne, ba ya yaji."

"Na sani, Baba."

"To shi ke nan. Ka riƙa yin sallarka a zaune, kada tatsuniya ta sa ka manta."

An ci tumu na miƙe, amma ƙafar ta ɗan gajarce, har yanzu da ɗingishi nake tafiya. Langa da ƙwallo duk suka fita daga hannuna. Abokaina ba su guje ni ba, sai dai wasansu na gudu ne, ni kuwa sai in zauna a gindin tsamiya in riƙe musu riguna. Da na koma makaranta da littafin a jaka don in mayar, aka ce an yi wa malamin canji tun lokacin hutu, babu wanda ya san inda aka kai shi. Ba a daɗe ba aka yi bikin Yaya. Wani mai fataucin fata ta aura, mutumin kirki, suka tafi can kudu inda yake sana'a. Ranar tafiyar na tsaya a jikin mota da littafin a cikin riga, da niyyar in ba ta. Sai na tuna babu mai karanta mata a can. Mota ta tashi yana jikina.

Saboda ƙafar ne Baba ya bar ni na ci gaba da karatu, tunda ba zan iya huɗa kamar 'yan uwana ba. Na yi makarantar horon malamai, na dawo ina koyarwa a firamaren ƙauyukan da ke kewaye da mu, ina ɗan noma gyaɗa da wake. Duk inda aka kai ni littafin yana cikin akwatina. Na karanta wasu da yawa bayansa, waɗansu sun fi shi hikima nesa ba kusa ba, na kuma san haka. Amma duk shekara in hadarin farko ya haɗu a gabas sai in ji ina son ɗauko shi. Na karanta shi ma a makon da aka binne Baba, bayan masu gaisuwa sun ragu. A bayan rumbu na ɓoye, don kada a ga ɗan mamaci yana murmushi.

In na shiga Kano nakan bi masu baza littattafai a bakin titi da masu shaguna, in ba su labarin tunda ba ni da suna. "Wanda ruwan sama ya yi yaji, aka tura yarinya biko da buta da jaki." Wasu su yi dariya, wasu su miƙo mini na soyayya su ce wannan ya fi daɗi. Wani dattijo mai shago ya ce kamar ya taɓa jin makamancin haka, ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito mini da littafin koyon kiwon kaji. Nawa dai yana nan bai ɓata ba. Abin da nake ta nema shi ne wani ya ce mini, "Ai na san shi."

Matata mace ce mai haƙuri da ni. Farkon aurenmu na karanta mata shi da la'asar a tsakar gida. Ta yi dariya a wurin kwaɗin don ta ga ina yi, kafin mu kai garin huluna ta tuna ta bar wake a wuta. Ba ta taɓa raina shi ba. Ita ce ma ta ɗinka masa jakar atamfa da gara ta fara cin gefensa, takan kira shi littafin Malam, ta hana yara taɓawa. Sai dai in aka yanke wata shawara a gida ba da ni ba na ce, "An tambaye ni?" sai ta ɗauka fushi nake, ta fara ba ni haƙuri.

'Ya'yana na karanta wa kowannensu da ya kai shekarun da na karye. Babban ya ce labarin yara ne. Mai bi masa ta so butar na kwana biyu. Ƙaramin, wanda ya tashi a zamanin waya, ya tambaye ni ko an yi fim ɗinsa, da na ce a'a sai ya ce, "To Baba, in an yi ka gaya mini." Ban ga laifinsu ba. Su da ƙafafunsu lafiya suka ji shi, ana gamawa suna da wurin zuwa a guje.

Duk tsawon shekarun nan na riƙe a raina cewa akwai mutum guda a duniya da ya san littafin nan kamar yadda na san shi. Yaya takan zo gida jefi-jefi, biki ko rasuwa, kwana biyu cikin hayaniya, ba a samun zama. Nakan ce wa kaina wata rana dai za mu zauna.

Da mijinta ya rasu ta ce ita gida za ta dawo, aka gyara mata ɗakin Inna. A shekarar ni ma na yi ritaya. Ta tsufa, idonta ya yi yana, amma bakinta yana nan. Na bari ta gama takaba ta huta. Wata rana da hantsi na sa littafin a aljihu na tafi. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka gaisa, na zauna na jawo faifan ina taya ta.

"Yaya, kin san abin da na zo da shi?"

"Goro?"

"Littafin nan namu."

"Wane littafi?"

"Na bikon ruwan sama. Da buta, da jakin da kika ce Kawu ne."

Ta tsayar da hannu ta juyo da fuska wajena. Na ga da gaske take lalube a ranta don ta faranta mini.

"Auta, wallahi ban tuna ba. Yaushe ke nan?"

"Shekarar da na karye."

"Af, wannan shekarar ai ba zan manta da ita ba."

Sai ta kama. Ta tuna warin man shanun da maɗori yake shafa mini, ta tuna yadda bayana ya yi gyambo, ta tuna Inna tana kuka a ɓoye a madafi tana cewa ɗanta ya gurgunce.

"Ka rame kamar kara, ba ka cin tuwo," ta ce. "Inna ta ce in riƙa zama kusa da kai ina jan ka da hira ko ka ci. Na ga in kana karatun nan kana mantawa ka cinye kwano, shi ya sa nake cewa ka sake."

"Amma kina dariya, Yaya."

"To ba sai in yi ba? Kai ma kana yi." Ta ci gaba da ɓara. "Karanta mini mana, ko zan tuna."

Na karanta mata shafi kaɗan. Ta riƙa saurare kamar wadda ake yi wa wa'azi. Da na ɗaga kai na ga gyangyaɗi ya ɗauke ta, gyaɗa a tafin hannunta. Na rufe littafin na ƙarasa mata ɓarar. A hanyar gida na bi ta cikin gonaki, don ban so kowa ya tsayar da ni gaisuwa. Ban ji haushinta ba. Yarinya ce aka sa ta jinyar ƙanenta, ta kuma yi jinyar da kyau. Amma na daɗe ban buɗe jakar atamfar ba bayan ranar. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban sake ɗaga mata maganar ba.

Bara ɗinkin kwalin ya saki, shafuka suka fara zubewa. 'Yata ta ce akwai masu ɗinkin littafi a Kano, sai na shiga mota a Ɗanbatta na kai aka sa masa baƙin bango mai tauri. A hanyar dawowa muna matse a kujerar baya, na kasa haƙuri na buɗe don in ga ko sun jera shafukan daidai. Kusa da ni wani dattijo ne, zai girme ni kaɗan, rigarsa tana warin albasa, da alama kaya ya kai birni. Na lura yana leƙen shafin. Zanen jakin ne a wurin, ya toge a bakin gada, yarinyar tana jan igiya.

Sai mutumin ya sa yatsa a kan zanen ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "An tambaye ni?"

Na juya na dube shi.

"Alhaji, ka san shi?"

"Ikon Allah," ya ce. "Ikon Allah. Malam, ina ka samo wannan? Ina butar? Buɗe mini butar."

Na buɗe masa. Ya yi dariya har hularsa ta goce, mutanen gaba suka waiwayo. Ya ce a ajin yaƙi da jahilci ya gamu da shi yana saurayi, malaminsu yana da guda, yakan karanta musu in an gama darasi. Shi ma bai riƙe sunan littafin ba. Ya ce ya sha ba iyalinsa labarin, su ce shi ya ƙirƙiro abinsa. Ya tuna wata tsohuwa da ni ban cika kula da ita ba, mai kaɗin gajimare tana ƙorafin cewa na yanzu ba su da auki. Garin huluna kuwa ya manta shi gaba ɗaya, da na karanta masa sai ya riƙa bugun gwiwata yana cewa, "Haka ne! Haka ne!"

Muka yi musu a kan butar. Na ce ni ƙarshenta tausayi yake ba ni, an tafi an bar ta a garin da ba ta san kowa ba.

"Haba Malam," ya ce. "Ita fa ta zaɓa. Duk tafiyar nan wa ya taɓa jin maganarta? Can ta samu inda babu mai ɗura mata abin da ba ta so."

"Amma yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba."

"Ta waiwayo mana."

"Ba ta waiwayo ba, Alhaji. Tun ina yaro nake karanta shi."

"Duba dai."

Na duba. Ba ta waiwayo ba. Ya karɓi littafin ya kai shi kusa da ido, ya bi layin da yatsa, ya miƙo mini yana girgiza kai.

"To a namu ta waiwayo," ya ce.

Direba ya ce, "Baba, wai rigimar me kuke yi tun daga Kano?"

"Rigimar buta ce, ɗana, ba za ka gane ba," in ji dattijon. Muka sake fashewa da dariya kamar yara.

Ban san mun yi nisa ba sai da ya buga jikin mota ya ce a sauke shi. Wata mararraba ce kafin Ɗanbatta, inda hanyar ƙasa ta yi yamma. Ya sauka da buhunansa a naɗe a hammata, ya leƙo ta taga ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, yau ka tuna mini da ƙuruciya. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin, Allah ya kiyaye hanya. Masu babur suka kewaye shi, direba ya ja mota. Sai da muka yi nisa na tuna ban tambaye shi sunansa ba, ban tambayi garinsu ba, balle lambar waya. Shi ma bai tambayi nawa ba. Duk hirar a kan buta da jaki ta ƙare.

Da na isa gida matata ta ce, "Malam, yau kuma albishir aka yi maka a birni?" Na ba ta labari tun daga farko, ina tsaye ko takalmi ban cire ba. Ta ce, "Kai, madalla. Ashe dai akwai irinka." Ta tashi ta kawo mini ruwa.

Ranar kasuwar Ɗanbatta na tafi layin 'yan albasa. Na bi rumfa-rumfa ina kwatanta shi, dattijo, dogo, mai giɓi, mai yawan dariya. Suka ce, "Malam, ai rabin 'yan albasa haka suke." Wani ya ce ko mutumin wajen Watari ne, wani ya ce masu kai kaya Kano kai tsaye ba su cika tsayawa a nan ba. Kunya takan hana ni barin rumfar mutum hannu wofi bayan na tsayar da shi da tambaya, sai in sayi 'yar albasa. Na koma kasuwar gaba, na sake komawa. Na taɓa sauka a mararrabar ma, na zauna a bencin mai shayi har azahar, masu babur suna tambayata ina za ni, ina ce musu wani nake jira.

Wata rana na dawo daga kasuwa na ajiye leda a tsakar gida. Matata ta buɗe ta duba, ta ɗaga kai.

"Malam, don Allah ka daina kawo albasar nan. Ta cika ɗaki, har ta fara tsiro."

Na ce to. Ta kwashi wadda ta yi mana yawa ta rarraba wa maƙwabta, ni kuma daga makon nan ban sake zuwa layin 'yan albasa ba.